Akori-Kurar Bautista da Sanyin Yuli

Litinin, 3 ga Yuli, ƙarfe 2 na rana

Nilda ta aiko min da saƙo. Ba ta rubuto takarda ta ba direban bas ba, a'a, sai ta gidan rediyo, a saƙonnin ƙarfe ɗaya, lokacin da duk mai kunne daga nan har Gastre ya ajiye cokali yana saurare. Ga shi yadda mai karantawa ya faɗa: "Zuwa ga Ercilia Huenchul, gonar Aguada Fría. 'Yarki Nilda ta ce za ta sauka daga bas a Gan Gan ranar Asabar 22 ga wata, sha biyun rana. In kin zo ɗaukarta a motar gida, babanta zai ci gaba da zama a gona. In ba ki zo ba, za ta iso da motar asibiti ta tafi da shi Trelew."

Sau biyu suke maimaita kowane saƙo. Mijina Bautista ya ji duka biyun.

To, madalla. Yarinyar da na haifa a ɗakin nan ba ungozoma, ita ce yau take ba ni wa'adi a gaban duniya. Hujjarta ɗaya ce, kuma ba zan ce ƙarya ba ce: mutum a halin da babanta yake ciki ba ya zama nisan kilomita saba'in daga likita sai da motar da za ta tashi in an ce ta tashi. Amsata ita ma ɗaya ce. Motar za ta tashi. Kwana goma sha tara gare ni.

Talata, 4 ga Yuli, ƙarfe 9 na safe

Ruwan bokiti ya daskare har ƙasa. Bari in rubuta abin da take yi, don kada in ruɗe.

Tana tashi a murɗa ta uku. Daga nan sai haki. Inji ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, alhali ƙafata ba ta kusa da totur. Salansa kuma wani huci yake yi kamar butar da aka manta a kan wuta. Hayaƙi fari. In na saka giya na kama hanya, kafin ƙofar shinge ta biyu ta mutu mus. Amma da rana ta yi tsaka, jikinta ya ɗan yi ɗumi, sai ka rantse ba ita ba ce. Matsalar, ciwo ba ya jiran tsakar rana.

Shekara goma sha huɗu Bautista yana fama da akori-kurar nan, ni tuƙi kawai na iya, ban taɓa ɗaga bonet ba. To sai me? Na sha zura hannu har gwiwa a cikin tunkiya in juyo ɗan da ya zo a karkace. Ƙarfe ba zai gagare ni ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Tun shanyewar jikin da ta same shi a watan Afrilu magana ta ƙi masa, ɓarin dama ma ba ya jin umarninsa, amma kunne da kai suna nan garau. Muna da cokali da tukunya. Bugu ɗaya e ne, biyu a'a, da yawa kuwa ki zo. Na matsar da kujerarsa kusa da murhu, jikin taga, ya riƙa jin injin. Da ta fara hakinta yau sai na ga ya miƙe wuya, ido ya buɗe. Rabon da in ga fuskar nan tun kafin Afrilu.

Laraba, 5 ga Yuli, ƙarfe 4 na yamma

Maƙwabcinmu Don Liborio ya zo a kan doki, wai ya zo duba mu. Gulma ta kawo shi. Tun kafin ya sauka ya fara.

"Doña Ercilia, an ce an ba ki wa'adi kamar 'yar haya."

"An ce, ko ka ji da kunnenka har sau biyu?"

"Sau huɗu, sun maimaita da yamma. Ni dai shawarata, ki hura wuta a ƙarƙashinta. Haka ubana yake yi."

"Ubanka ba shi ya ƙone motarsa da rabin rumfar askin tumaki ba?"

"Amma ai ta yi ɗumi."

Bautista ya yi dariya da rabin bakinsa har shayin mate da yake sha ya zubo masa a haɓa. Don wannan kaɗai na yafe wa Liborio, na soya masa burodi. Na rubuta duk abin da motar ke yi a takarda, zai kai makaranta inda suke da na'urar magana, a karanta wa Casimiro bakanike a Gan Gan. Casimiro ba zai zo ba, ƙafarsa na cikin siminti tun da ya faɗo daga kan rufi. Amsa dai za ta zo ta rediyo kamar komai.

Alhamis, 6 ga Yuli, ƙarfe 7 na safe

Sau biyu na canja zanin gado. Ba komai. Motar za ta tashi.

Asabar, 8 ga Yuli, ƙarfe 11 na safe

Amsar Casimiro ta zo jiya: in kwance filtar mai da sassafe kafin rana ta taɓa motar, in duba cikinta.

Na kwance. Tabɗi! Abin da ke ciki ba man gas ba ne, wani farin daskararren abu ne kamar kitsen rago da ya kwana a faranti. Na kawo wa Bautista a hannuna. Ya duba, ya dube ni, ya ɗaga cokali ya nuna wajen rumfa inda duro yake. A nan abin ya faɗo min. Duron da nake ɗiba na watan Fabrairu ne, man rani. Kullum a watan Mayu yake zuwa ya sayo na sanyi, wanda ba ya kwanciya. A watan Mayun bana kuwa muna asibiti.

"Tsoho, man Fabrairu ne ya cuce mu?" Ya buga sau ɗaya, da ƙarfi.

"In sa kananzir?" Ɗaya.

"Rabi da rabi?" Ya buga biyu da wani irin kallo, kamar na ce a yanka karen gida. Muka yi ta ciniki har muka tsaya a lita ɗaya cikin goma. Sabuwar filta tana kan kanta a rumfa, a naɗe cikin tsohuwar rigarsa. Mutumin nan bai taɓa sanin inda safarsa take ba, amma filta har biyu ya ajiye.

Sai kuma ya ci gaba da nuna bangon bayan murhu, yana nunawa yana haɗe rai. Na ɗauki lokaci kafin in gane. Tun da ya sayi motar nan a bayan kicin yake ajiye ta, ɓangaren tanki manne da bangon murhu. Ni duk shekarun nan na ɗauka lalaci ne, ba ya son tafiya zuwa rumfa, har gori nake masa. Da muka dawo gida na mayar da ita fili don in sami hanyar turo kujerarsa. Ashe bangon ne bargonta.

Na mayar da ita wurinta. Na ce masa, "Kai ma da ka faɗa min tun kana faɗa." Bai kamata in faɗi haka ba.

Lahadi, 9 ga Yuli, ƙarfe 10 na safe

Ta wuce ƙofa ta biyu, ta wuce ta uku, ba ta mutu ba! Rabin aiki ya ƙare. Saura hakin da hucin, suna nan yadda suke, kuma a hawan dutse ba ta da ƙarfi ko na jaki. Da haka ba za ta haye tudun kan hanyar Gan Gan da safe ba. Amma wadda ta gano ɗaya za ta gano biyu.

Litinin, 10 ga Yuli, ƙarfe 2 na rana

Yanzu motata ta zama ta jama'a. A saƙonnin yau, tsakanin wani da ke neman baƙin dokinsa da wata da ta haihu namiji, uku nawa ne. Wata mata daga wajen Telsen ta ce in rufe injin da fatar tunkiya. Wani ya ce in zuba giya mai ƙarfi a tanki. Na ukun bai faɗi sunansa ba, ya ce in sayar da ita in saurari 'yata.

Na ukun nan na san muryar alƙalaminsa. Surukina ne, mijin Nilda. Allah ya ba shi lafiya ya zo ya faɗa min a fuska.

Laraba, 12 ga Yuli, ƙarfe 5 na yamma

Na yanke cewa salansa ne ya fashe. Abin da ke huci ai rami gare shi, wannan ko yaro ya sani. Na tambayi Bautista, ya buga biyu. Na sake tambaya, ya sake biyu. Na ce, "Kai kana zaune a ɗumi, ni ce a ƙarƙashinta."

Awa uku na yi kwance a kan kwali a kan ƙanƙara. Na sami wani ɗan tsatsa, na yanka gwangwanin tumatir na naɗe shi, na ɗaure da wayar shinge. Aiki ya yi kyau, ko Casimiro sai haka.

Alhamis, 13 ga Yuli, ƙarfe 9 na safe

Huci yana nan. Na shigo ban kalli inda yake ba. Ina jin idonsa a bayana har na gama wanke hannu.

Juma'a, 14 ga Yuli, ƙarfe 6 na yamma

Dusar ƙanƙara tun safe. Ban fita ba sai don tumaki. Wajen ɗaga shi daga gado zuwa kujera bayana ya yi wata ƙara, muka tsaya rungume da juna a tsakiyar ɗaki, ba gaba ba baya. Mun fi minti biyar a haka. Daga baya muka isa.

Ya ƙi cin abinci. Kwana takwas. Motar za ta tashi.

Lahadi, 16 ga Yuli, ƙarfe 3 na rana

Liborio ya ratso dusar ƙanƙara ya kawo takardar Casimiro, don bayanin ya fi ƙarfin rediyo. Har da zane. Na juya shi sama da ƙasa.

"Don Liborio, wannan inji ne ko mushen kaza?"

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce in ba ki gane ba ki ba mijinki, shi ya yi makarantar motar."

Bayanin dai ya shiga kaina. A wuyan salansa, kusa da inji, akwai wani murfi da ke rufewa in ana sanyi don inji ya yi saurin ɗumi. Shi ke hucin. Akwai kuma wani siririn bututun ƙarfe da ke sanar da motar yadda hayaƙi ya taru, ta san lokacin buɗewa. In kunkunniya ta toshe bututun, sai murfin ya rikice, ya rufe ya buɗe ya rufe, injin kuma ya yi ta haki yana neman numfashi. Magani a kwance bututun a zuge shi.

Na karanta wa Bautista da ƙarfi. Tun ban kai ƙarshe ba ya buga ɗaya, ya jingina da kujera ya rufe ido kamar wanda aka sauke wa kaya. Kwana goma sha biyu ke nan ya san amsar tana cikin bakinsa. Wannan ya ba ni tausayi ƙwarai, har na fita ɗebo itace alhali akwai itace.

Litinin, 17 ga Yuli, ƙarfe 5 na yamma

Notin ya ƙi. Na jiƙa shi da kananzir, na sha mate, na dawo, ya ƙi. Na zura bututun ruwa a ƙotar sifana na hau da nauyina duka, na kira shi sunayen da ba zan rubuta ba, sai ga shi ya saki. Fatar yatsu biyu ta tafi da shi, ba na kuka da ita.

Bututun a toshe yake kam, ko iska ba ta wucewa. Na zauna a teburin kicin a gaban Bautista na yi ta zura wayar shinge, baƙin gari yana zuba a kan jarida. Shi ya riƙe min ƙarshen da hannun hagu. Da na busa iska ta fita ta ɗaya gefen ta watsa masa baƙi a gashin baki, sai muka kama dariya mu biyu kamar sababbin aure. A ce wai mutumin nan za a kai shi bene hawa na uku a Trelew ya riƙa kallon bangon maƙwabta? Haba Nilda.

Na ɗaura komai. Gwaji sai da sanyin safe, na rana ba shaida ba ne.

Talata, 18 ga Yuli, ƙarfe 9 da rabi na safe

A cikin motar nake rubuta wannan, littafin a kan sitiyari. Murɗa ɗaya ta tashi! Ta ɗan yi huci na minti biyu kamar yadda Casimiro ya ce za ta yi, sai ta saki, ta zauna a sulo lafiya lau, ba hawa ba sauka. Na taka totur ta amsa, na saki ta dawo. Na sake, na sake. Tun takwas da rabi nake nan ina jira ta ba ni kunya, ta ƙi.

Ni, Ercilia, da wayar shinge. A kai wa gidan rediyo su maimaita sau huɗu. Bari in ƙara mata minti goma in tabbatar, sannan in shiga in ga fuskar tsoho.

Talata, ƙarfe 6 na yamma

Mun je Gan Gan mun dawo. Ta haye tudun a giya ta uku. Sauran ba zan rubuta ba.

Cokalin ya lanƙwashe.

Laraba, 19 ga Yuli, ƙarfe 2 na rana

Ma'aikaciyar jinyar Gan Gan ta tambaye ni minti nawa hannun Bautista ya yi a jikin murhun. Na ce ban sani ba. Ta sake tambaya a hankali, na sake ce mata ban sani ba, don ban sani ba. Hannun dama ne, bai ji zafi ba. Ta ce ƙauri ya ji.

Bango ɗaya ne tsakaninmu. Ina ta taka totur, shi yana ta buga tukunya.

Ta wanke, ta naɗe, ta ba ni magani da bandeji, ta ce a canja kullum, kuma ya kamata likitan birni ya gani. Ta ce ba za ta aika wa kowa saƙo ba, wannan maganar gidanmu ce.

Alhamis, 20 ga Yuli, ƙarfe 4 na yamma

Liborio ya zo. Yau ba wasa a bakinsa. Ya ga bandejin, ya juya hularsa a hannu ya fi sau goma.

"Maƙwabciya, tsautsayi ne. Ko a asibiti mutum yana zamewa daga kujera. Ki sa masa riga mai dogon hannu. Nilda kwana biyu za ta yi ta koma, ni kuma ban ga komai ba. Duk yankin nan ke suke wa fata."

Bayan ya tafi na gwada masa rigar ulu mai ruwan toka. Ta rufe bandejin tsaf, ko alama babu. Na tsaya ina kallonsa, shi kuma yana kallon taga.

Motar tana tashi. Na kunna ta da safe, murɗa ɗaya. Na kashe ta nan take na dawo ciki da gudu, a shekaruna.

Juma'a, 21 ga Yuli, ƙarfe 5 na yamma

Na jawo kujera na zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa.

Na ce, "Tsoho, mun ci. Gobe in na je na ɗauko ta, kana nan, ba mai taɓa ka. Amma ka saurare ni. Tumaki suna waje, itace yana waje, rijiya tana waje. Ni ɗaya ce. Duk fitar da na yi daga yau, rabin zuciyata tana jikin murhun nan. Ba gajiya na yi ba, kada ka ce na gaji. Tsoro nake ji, kuma ban saba ba."

Ban kai ga tambayar ba. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna saman kabad, inda akwatin tafiya yake. Ya daɗe da hannun a sama, bai sauke ba sai da na tashi na hau kujera na sauko da shi.

Na haɗa masa kaya. Duk rigar da na ɗaga sai ya gyaɗa kai ko ya kau da fuska. Mai ruwan tokar ya kau da fuska. Mai gajeren hannu ya zaɓa, a wannan sanyin, na ɗora masa bargo a kai. Na yi kuka, shi ma ya yi, sannan na dafa mana naman rago da dankali muka cinye tas.

Asabar, 22 ga Yuli, ƙarfe 8 na yamma, gidan Nilda a Trelew

Sha ɗaya da rabi muna bakin tashar Gan Gan. Mutane sun fi ashirin a wurin, wai kowa ya zo sayen burodi. Har Casimiro da sandunansa. Ya sa kunne a jikin bonet, ya ɗago ya ce, "Doña, in kina neman aiki garejina a buɗe yake."

Nilda ta sauko daga bas, ta ga motar, ta ga babanta a gaba da hularsa. Ta rufe baki da hannu.

"Mama, kin yi. Na janye maganata, ki yafe min saƙon nan."

"Saƙon kam sai mun zauna. Zo ki gaida babanki."

Ta buɗe ƙofa ta rungume shi, bargon ya zame. Ta ga hannun. Ta ɗago ta ga akwatin a baya. Na ga tambayar tana taruwa a bakinta, na riga ta.

"Ina cikin mota ina murna, shi yana ƙonewa. Zan ba ki labarin a hanya. Ba ke kika ɗauke shi ba, kin ji ko? Mu muka kawo shi, ni da shi. Shiga tsakiya, hanya da nisa."

Ɗakin da ta shirya masa a ƙasa yake, ba a bene ba, taga tana kallon titi. Surukina ya ɗauke shi cak ya shigar da shi, da ladabi. Ban ce masa komai a kan rediyo ba.

Litinin, 24 ga Yuli, ƙarfe 6 na yamma, gida

Likita ya ce hannun zai warke. Na taso ƙarfe goma, bayan ya karya. Na ce masa sai Asabar, kuma duk Asabar. Ya riƙe hannun rigata, sannan ya saki da kansa.

Awa shida da rabi ni kaɗai. Liborio ya kula da tumaki, ya bar min wuta a murhu. Duk tsawon hanyar nan ina kasa kunne ko za ta ɗan yi haki, ko sau ɗaya, in sami dalilin tsayawa in ɗaga bonet in zazzage ta son raina. Ba ta yi ba. Na gyara ta da kyau.